Idan soja ko tsohon soja ya rasu a Kano: tambayoyi kan jana'izarsa da haƙƙin iyalinsa

A Kano gawa ba ta jira. Mutum ya cika da asuba, kafin hantsi an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi a ƙofar gida, an nufi Dandolo ko Tarauni da makara. Aikin soja kuwa komai nasa sai da takarda, sai da izini daga sama. Ranar da waɗannan biyun suka haɗu a gida ɗaya, iyali kan rikice, kuma cikin wannan rikicewar ce haƙƙin marayu ya fi salwanta. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Duk wanda ya taɓa sa kaki ake yi wa jana'izar soja?

A'a. Akwai wanda ya rasu yana bakin aiki, a fagen daga ne ko a gadon asibiti. Wannan ɗan rundunarsa ne har ranar da ya cika: ita za ta sanar da iyalinsa, ita za ta ɗauki nauyin jana'izarsa. Akwai kuma wanda ya yi ritaya ya dawo unguwa yana karɓar fansho. Shi wannan, rundunar ba za ta san ya rasu ba sai an je an gaya mata, karramawar da za a yi masa kuma nema ake yi, tana zuwa ne gwargwadon muƙaminsa da lokacin da aka samu. Wanda aka kora daga aiki bisa laifi, ko ya tsere, ba ya cikin wannan lissafi. Duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan bambanci suka tsaya.

Me ake yi a jana'izar soja da ba a yi a ta sauran mutane?

Ana lulluɓe gawar da tutar Najeriya, abokan aikinsa su ɗauke ta a kafaɗa da takun nan na fareti mai nauyi, a hankali. Ana kawo hularsa da takalmansa, idan hafsa ne har da takobinsa. Wani zai karanta tarihin aikinsa: ranar da ya shiga soja, inda ya yi aiki, lambobin yabon da ya samu. Daga nan a harba bindigogi sama, a busa begilar bankwana, a naɗe tutar a miƙa wa magajinsa hannu da hannu. Harbin igwa 21 da mutane ke yawan ambata, wannan darajar shugaban ƙasa ce.

Wannan bai ci karo da jana'izar Musulunci ba?

Idan an bi tsari, kowanne yana da gurbinsa. Wanka, likkafani, sallar gawa da binnewa su ne wajibi, babu faretin da zai tsaya a madadinsu. Lokacin da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, babban hafsan sojan ƙasa, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021 tare da mutum 10, washegari aka sallaci Musulmin cikinsu a Masallacin Ƙasa da ke Abuja, aka yi wa Kiristocin addu'a a majami'a, sannan aka haɗu a maƙabarta aka yi karramawar soja. Tuta ba ta shiga kabari, cire ta ake yi a ba iyali.

Akwai malaman da ba sa sakin jiki da busa da harbi a bakin kabari, akwai kuma gidajen da su da kansu suke cewa a bar su da sallah da addu'a kawai. Wannan bai rage wa mamaci daraja ba, bai kuma taɓa haƙƙin kuɗin iyalinsa ba. Abin da ni ban yarda da shi ba shi ne a ajiye gawar Musulmi kwana da kwanaki don jiran masu fareti. Idan sun samu zuwa kafin a ɗaga makara, madalla. Idan ba su samu ba, a kai shi makwancinsa, su zo ta'aziyya. Maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari, da yake sukan ɗauki kwanaki kafin binnewa, shirin soja ya fi zo musu da sauƙi.

Dole sai a maƙabartar sojoji ta Abuja za a binne shi?

Ba dole ba ne. Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa tana kan hanyar filin jirgin sama na Abuja. A can aka binne Attahiru, da Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, da sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a Maris ɗin 2024. Da yawa daga cikin waɗanda suka faɗi a yaƙin Boko Haram kuwa suna kwance a maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri.

Amma mu Kanawa mun san ɗaya hanyar. Janar Murtala Muhammad, da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976, gida aka kawo shi, kabarinsa na nan kusa da masallacin da ke ɗauke da sunansa a Hausawa. Janar Sani Abacha ya rasu a Abuja ranar 8 ga Yuni 1998, a ranar aka kawo shi Kano aka binne. Muhammadu Buhari ma a gidansa na Daura aka binne shi ranar 15 ga Yuli 2025, sojoji suka ɗauki gawarsa lulluɓe da tuta. Tsohon sajen ɗin da ya yi ritaya ya zauna a Kurna ko Rijiyar Lemo, maƙabartar unguwarsu za a kai shi kamar kowa.

Baba ya rasu cikin dare, tsohon soja ne. Me za mu fara yi?

Allah Ya jiƙansa. A ci gaba da shirin sutura yadda aka saba, amma a ware mutum ɗaya mai natsuwa da zai riƙe ɓangaren soja. Ya kira abokan Baba na aiki, su suka san shugabannin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion a yankinku. Idan ana son karramawar soja, a kai labari barikin Bukavu, hedikwatar birged ta 3, idan Baba sojan ƙasa ne. Na sama da na ruwa kowa da nasa ofishin. A tafi da sunansa, muƙaminsa da lambarsa ta aiki. A gidan soja lambar nan ta fi suna saurin fito da fayil.

Idan a asibiti ya cika, kada a fito sai da takardar likita. Idan a gida ne, bayan sadakar uku a nemi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sannan a nemo akwatin nan na ƙarfe da tsofaffin sojoji ke turawa ƙarƙashin gado. A ciki za a tarar da takardar sallama a naɗe cikin leda, da katin fansho, da hotonsa na ranar yaye kurata, wataƙila da lambobin yabo da suka yi duhu. Kada a bari a raba kayan akwatin nan tare da riguna da huluna. A ɗauki hoton kowace takarda, a yi kwafi, ta asali kuma kada ta bar hannun iyali.

Wane haƙƙi ne iyali ke da shi?

Ga wanda ya rasu a bakin aiki, akwai kuɗin jana'iza daga rundunarsa, akwai haƙƙin mutuwa da Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja ke biya, akwai inshorar rai da gwamnati ke yi wa sojoji gaba ɗaya, akwai kuma asusun walwala da ake yankar wani abu daga albashinsa duk wata, irin NAWIS na sojan ƙasa. Rundunar sojan ƙasa tana da tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan mamaci har huɗu. Kowanne daga cikin waɗannan ƙofarsa daban, takardunsa daban. Iyalai da yawa sukan karɓi guda ɗaya su ɗauka an gama. Gidan bariki kuma ba gado ba ne: za a ba iyali wa'adi su tashi, don haka a fara tunanin matsuguni tun mai ɗakin tana cikin takaba.

Ga wanda ya yi ritaya, ya riga ya karɓi garatuti, abin da ya rage shi ne fansho. Idan ya rasu bai cika shekara 5 da ritaya ba, ana biyan magajinsa fanshon ragowar lokacin har shekara 5 ɗin su cika. Idan ya wuce haka, fanshon ya tsaya da rasuwarsa, sai dai duk wani bashin da yake bin gwamnati kafin ya rasu, iyali suna da ikon nemansa.

Wanda aka rubuta sunansa a matsayin magaji, kuɗin nasa ne?

A nan zumunci ya fi tsinkewa. Yaro ɗan shekara 19 ya tafi Zariya horon kurata, aka miƙa masa fom aka ce ya rubuta magaji. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai ya rubuta yayansa. Shekara 20 suka wuce, ya yi mata biyu da 'ya'ya bakwai, fom ɗin nan yana nan yadda yake. Ranar da ta Allah ta kasance, soja ba su san kowa ba sai yayan. Shi za a kira, shi za a miƙa wa tuta, asusunsa kuɗi za su shiga. Idan mai tsoron Allah ne, marayu sun tsira. Idan ba haka ba, matan za su fito daga takabar wata huɗu da kwana goma su tarar babu komai.

A shari'a, sunan da ke kan fom bai mayar da mutum mai dukiya ba. Wakili ne, amana aka damƙa masa ya karɓo. Abin da mamaci ya riga ya mallaka, kamar ragowar albashi da bashin fansho, gado ne: a fitar da kuɗin sutura, a biya bashi, a zartar da wasiyya, iyakarta sulusi (ɗaya bisa uku), sannan a raba. Mata su raba tumuni (ɗaya bisa takwas) a tsakaninsu idan akwai 'ya'ya, rubu'i (ɗaya bisa huɗu) idan babu. Uwa da uba kowa sudusi (ɗaya bisa shida) idan akwai ɗa namiji. Ɗan'uwa kuwa, matuƙar akwai ɗa namiji ko uba, ba shi da kaso ko na sisi, ko da sunansa ne a kan kowace takarda. Kuɗin inshora da tallafin da hukuma ta bayar bayan mutuwa, malamai sun yi bayanai mabambanta a kansu, saboda haka a kai gaban alƙalin kotun shari'a ko malamin da ya san ilimin rabon gado, a faɗa masa asalin kowane kuɗi. Na karatun yara dai na yaran ne.

Ga soja mai rai, shawarata ɗaya ce: ka je ofishinku ka sabunta sunan magajinka duk lokacin da ka yi aure, ko aka yi maka haihuwa, ko wanda ka rubuta ya rasu. Ka kuma gaya wa iyalinka wanda ka rubuta. Yawancin aurenmu da waliyyi da shaidu aka ɗaura shi, babu takarda. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa da sunan kowace mata tun kana iya zuwa da ƙafarka.

Katin bankin Baba yana hannunmu, fansho yana ta shigowa. Mu ci gaba da cira?

Kada ku yi. Kuɗin da ya shigo bayan rasuwarsa ba tare da sanin hukuma ba, ba nasa ba ne, ba naku ba ne. Hukumar fansho tana tantance masu karɓa lokaci zuwa lokaci, ranar da asiri ya tonu kuma abin da kuka cira zai iya zama sanadin riƙe halal ɗinku. Ku sanar da rasuwar a rubuce, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimi.

An ce a Amurka gwamnati ce ke yi wa tsohon soja komai. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki. A can doka ce ta ce idan iyali sun nema, a turo aƙalla sojoji biyu cikin kaki su naɗe tuta su miƙa, a busa begila, ko da mutumin ya bar aiki da shekaru masu yawa. Yana kuma da damar kabari da dutsen suna kyauta a maƙabartar ƙasa. Amma su ma sai an nuna takardar sallama. Abin da ya kamata mu ɗauka a wurinsu shi ne an rubuta haƙƙin a fili, farabiti da janar kowa ya san abin da zai samu.

Ranar 15 ga Janairu fa, me take amfana wa iyalan?

Ita ce Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin nan 11 ga Nuwamba ake yi, irin na Ingila. Ana addu'a a masallatai da majami'u, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a sayar da bajen tunawa don tallafa wa tsofaffin sojoji da matan waɗanda suka rasu. Ranar ta haɗa har da kakanninmu na yaƙin Bama, na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda da yawansu ba a dawo da gawarsu ba. A 2021 gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa bayan wani bincike ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, da suka mutu suna yi mata aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu a wuraren tunawa ba. Buhun shinkafar da ake raba wa zawarawa a wannan rana alheri ne, amma kada kowa ya ɗauke shi a madadin haƙƙin da ke rubuce.

Idan an kai takardu shiru ya yi yawa?

Jinkiri yana faruwa. Ko tsofaffin sojoji masu rai sai da suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a ƙarshen 2024 da farkon 2025 kan haƙƙoƙinsu. A koma rundunar da mamaci ya yi aiki na ƙarshe a tambayi inda fayil ya tsaya da abin da ya rage a cikinsa, domin sau da yawa harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin sunan banki da na takardar soja shi ke riƙe komai. A tafi da wani daga Legion ko tsohon abokin aikinsa da ya san ofisoshin. Duk wanda ya bugo waya ya ce a turo masa kuɗi ko lambar sirrin banki don ya fito da haƙƙin, ɗan damfara ne, a kai lambarsa ga rundunar.