Filayen golf na karkara a Amurka da komawarsu gonaki

Filin golf na jama'a shi ne wanda kowa zai iya biyan kuɗin shiga ya buga wasa ba tare da ya zama ɗan ƙungiya ba, ko filin mallakar ƙaramar hukuma ne ko na ɗan kasuwa. A Amurka, filin da ke Van Cortlandt Park a birnin New York, wanda aka buɗe a 1895, shi ne mafi daɗewa cikin filayen da hukuma ta gina domin jama'a. Daga baya irinsa suka bazu har ƙauyukan Iowa da Kansas da Nebraska, inda akasari ake yin masu ramuka 9 maimakon 18. A wuraren da ruwa ke da wuya, an riƙa shimfiɗa yashi da aka cuɗa da mai a kewayen rami a madadin ciyawa.

Tsakanin 1986 da 2005 an gina sababbin filaye sama da 4,000 a ƙasar, har jimillarsu ta kai kusan 16,000, sannan nasarar da Tiger Woods ya samu a gasar Masters ta 1997 ta ƙara wa masu zuba jari ƙwarin gwiwa. Filayen sun yi wa masu wasan yawa. Daga 2006 waɗanda ake rufewa a shekara suka zarce waɗanda ake buɗewa, kuma durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta fi shafar ƙananan filayen karkara, waɗanda dama garuruwansu ke rasa matasa.

A daidai lokacin ne ƙasar noma ta yi daraja. Dokokin 2005 da 2007 da suka tilasta gauraya fetur da man itanol, wanda ake yi da masara, sun ɗaga buƙatar masara, farin 2012 kuma ya kai farashinta sama da dala 8 kan kowane awo mai nauyin kilo 25. Binciken shekara-shekara na Jami'ar Jihar Iowa ya nuna cewa eka ɗaya ta gona a jihar, wadda ba ta kai dala 2,000 ba a 2000, ta haura dala 8,000 a 2013. Mai filin da ke kwance a tsakiyar gonaki, yana biyan ma'aikata da kuɗin ban ruwa amma ciniki na ja da baya, ba ya buƙatar dogon lissafi idan maƙwabcinsa manomi ya taya.

Mayar da filin gona ya fi yadda ake zato wahala. Fili mai ramuka 18 yakan kai eka 150, kuma kafin garma ta shiga sai an tumɓuke itatuwa, an tone bututun ban ruwa, an farfashe hanyoyin kwalta na ƙananan motocin 'yan wasa, an cike ramukan yashi. Dogayen shimfiɗun ciyawa ba su cika ba da matsala ba, domin ƙasar da ta yi shekaru a ƙarƙashin ciyawa ba ta zaizaye ba, takan kuma karɓi masara da waken soya da kyau. Matsalar tana a ɗan kewayen rami, wanda shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi shan magani. An gina yawancinsa da yashi don ruwa ya riƙa tsanewa da sauri, saboda haka ba ya riƙe laima. A tsofaffin filaye kuma an fesa magungunan da ke ɗauke da zaiba da asenik, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa, shi ya sa ake gwada ƙasar wurin, wani lokaci a kwashe samanta baki ɗaya. Manomin da ke son shaidar noma ba tare da sinadarai ba, dokar Amurka ta ɗora masa jiran shekara 3 daga feshin ƙarshe.

Ba yau aka fara ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an nome sassan filayen golf a Birtaniya, shahararren filin Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka kuwa kiwon shanu da talotalo aka yi a cikinsa. Bambancin shi ne akasarin waɗancan sun koma wasa bayan yaƙi, alhali filin karkarar da aka sayar aka huɗe da wuya a sake gina shi. Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta kora mutane zuwa wasannin sarari, yawan filayen da ake rufewa ya ragu.