Bindiga da kartush na farautar agwagin ruwa da dinya: amsar tambayoyin ƙannena

Tunda sanyi ya fara shigowa Damagaram samari ke tare ni da tambayoyi kan farautar tsuntsun ruwa, shi ne na ce bari in tattara amsoshin wuri guda.

Yaya, wace bindiga zan nema?

Ƙanena, kalibar 12 za ka nema, kar ka wahalar da kanka. Ita ce kartush ɗinta ya fi samuwa, faɗin bakinta wajen milimita 18 da rabi ne, tana ɗaukar ƙwayoyi da yawa. Akwai 16 akwai 20, kuma lambar na ƙaruwa bakin na ƙanƙancewa, wato 20 ta fi 12 tsukewa, ba ta da nauyi kuma ba ta dukan kafaɗa sosai, amma a kan dinya ƙarfinta kaɗan ne. Mai baki ɗaya irin Baikal ta Rasha da muka gada wajen iyayenmu ta isa, mai baki biyu dai tana ba ka harbi na biyu in na farko ya kuskure. Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne ta zauna maka a kafaɗa, ka ɗaga ta idonka ya bi bayanta kai tsaye ba sai ka karkata wuya ba. Baushe ƙirar maƙera kuwa ban ba ka shawara ba, ƙarfenta ba wanda ya gwada shi.

To lambobin da ke jikin kwalin kartush fa?

Nan ne yawanci ake ɓata. Akwai 12/70 ko 12/76, na biyun tsawon kartush ne da milimita, kuma a jikin bindigarka an buga nata. Na 70 yana shiga bindigar 76 lafiya lau, amma na 76 a bindigar 70 haɗari ne babba, zai shiga ɗin kuma ta rufe kamar ba komai, sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa matsi ya yi yawa. Sai nauyin ƙwayoyi, giram 32 zuwa 36 ya wadatar. Sai lambar ƙwaya, ita ma juye take, babbar lamba ƙananan ƙwayoyi. Kirinjijiya da ƙananan agwagin nan baƙi masu saukowa daga Turai da Rasha da hunturu, lamba 6 ko 5. Dani, agwagwar ruwan da ta fi kirinjijiya girma, lamba 4. Dinya kuwa, wadda namijinta kan wuce kilo 5 ga gashi mai kauri ga ƙashin fiffike kamar sanda, lamba 2 ko 1 take so. Na taɓa sakar wa dinya lamba 6 ina yaro, na ji ƙwayoyin sun sauka a jikinta fat fat, gashi ya tashi ta yi gaba abinta da rauni, wallahi har yau abin yana damuna, don na san can cikin kachalla ta je ta mutu ba wanda ya ci.

Daga nisan mita nawa ake harbi?

Mita 30 zuwa 35, in ya kai 40 ka haƙura. Kuma kar ka yarda da ido, a kan ruwa komai kusa yake kama. Ka samu babban kwali ka zana da'ira mai faɗin santimita 75, ka kafa shi wurin da ba mutum ba dabba a bayansa, ka auna mita 30 ka harba, ka je ka duba. In ka ga gibin da tafin hannunka zai zauna ba huda ko ɗaya, to ta nan agwagwa za ta wuce, sai ka canza kartush ko ka rage nisa. Kowace bindiga da yadda take watsa nata, ya danganta da matsewar bakinta, mai matsattsen baki tana tara ƙwayoyi ta kai nesa, mai sakakken baki tana bazawa da wuri.

Da gaske ne wai dalmar da ake yin ƙwayoyin da ita tana da illa?

Da gaske ne, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Kartush guda yawanci ƙwayoyi sama da ɗari ne, kaɗan ke samun tsuntsu sauran duk cikin taɓo suke faɗawa, agwagwa ta zo kiwo ta haɗiye su a zaton tsakuwa, ƙundunta ya niƙe, gubar ta shiga jini ta rame ta kasa tashi. Shi ya sa Amurka ta hana dalma a farautar tsuntsun ruwa tun 1991, Tarayyar Turai ma ta hana ta a wuraren dausayi daga 2023. Mu kuma tabkunanmu irin na Gidimuni da Lasuri ba tsuntsu kaɗai ke ciki ba, masunta na ciki, shanu na sha, masu lambu na ɗiba. In ka samu na ƙarfe ka saya, sai dai ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ka ƙara girma da lamba biyu, inda kake sa 6 ka sa 4, kuma tsohuwar bindiga mai matsattsen baki kar ka sa mata sai ka tabbata an yi ta don haka.

Takardu fa?

Biyu ne, permin riƙe bindiga da permin farauta na ma'aikatan gandun daji. Dokar 98-07 ta 1998 ce ke tsara farauta a Nijar, ka je ofishinsu ka tambayi lokacin da aka buɗe da tsuntsayen da aka hana taɓawa, balle yanzu da yanayin tsaro, a gan ka da bindiga a daji ba takarda ba ƙaramar magana ba ce.

In na kāda tsuntsu sai me?

Ka yi bisimilla tun wajen harbi, in ka tarar da shi da rai ka yanka nan take, shi ya sa wuƙa ba ta barin aljihuna. Wanda ka tsinta matacce ko yana layi ba kai ka harbe shi ba kar ka taɓa shi, mu nan jihar mun ga murar tsuntsaye a Magarya a 2006. Wajen fiɗa kuma ka bi ramin kowace ƙwaya ka cire ta da naman da ke kewaye kafin a kai tukunya, musamman in yara da mai ciki za su ci.