Waiwaye: Kiristocin Damagaram da wutar Janairun 2015

Kiristanci ba baƙo ba ne a Damagaram. Tun 1924 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka sauka a Zinder, wato Damagaram, lokacin garin yana babban birnin mulkin mallaka na Nijar, kafin a mayar da fadar gwamnati Yamai a 1926. Mabiyansu ba su taɓa yin yawa ba. Akwai 'yan ƙasa, akwai waɗanda aiki ko fatauci ya kawo daga Benin da Togo, kuma shekara da shekaru kasuwa ɗaya ake ci, ana gaisawa a suna da jana'iza.

Alamar farko mai tayar da hankali ta zo a Satumban 2012, sa'ad da zanga-zangar nuna fushi kan wani fim da aka yi a Amurka na ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) ta ƙare da farfasa majami'ar Katolika ta garin.

Sai 2015. Ranar 11 ga Janairu shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya shiga macin birnin Paris bayan harin da aka kai wa jaridar barkwanci ta Faransa, Charlie Hebdo, shigarsa macin kuwa ta ɓata wa jama'a rai matuƙa. Ranar 14 jaridar ta sake fito da zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Ranar Juma'a 16 ga wata, da aka sauko daga masallaci, Zinder ta kama da wuta: majami'u, makarantar mishan, gidaje da shagunan Kiristoci, har da cibiyar al'adun Faransa. Washegari abin ya kai Yamai. Mutum 10 suka rasu a garuruwan biyu, aka yi zaman makoki na kwana uku. Iyalai da yara ƙanana suka kwana a barikin soja, a garin da aka yanke cibiyar wasunsu.

Fushin yana da dalili, babu Musulmin da zanen bai sosa wa zuciya ba. Amma wanda ya zana yana Faransa. Wanda aka ƙona wa gida malamin makaranta ne, tela ne, maƙwabci ne da bai taɓa riƙe jaridar ba. Wannan zalunci ne, kuma maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a ɗakunansu a ranar sun fi kowa sanin haka.

An sake gina majami'u da dama. A Yunin 2019 kuma aka cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi, bayan kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada, dokar da babu hannun Kiristocin garin a cikinta.