Hawan suga ga mai shan maganin sankarar jini

Jama'ar Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, masu jinyar ɗa ko ɗan'uwa mai sankarar jini a asibitin koyarwa na LUTH ko na LASUTH, wannan jan hankali naku ne.

Sau da yawa likita kan ce sugan mara lafiya ya hau, alhali a gidansu babu mai ciwon suga ko ɗaya. Hankalin iyaye sai ya tashi. Galibi maganin ne ke jawo hakan. Prednisolone da dexamethasone, waɗanda ake bayarwa sosai a makonnin farko, suna hana insulin ɗin jiki, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, aiki yadda ya kamata. Allurar asparaginase kuma tana rage yawan insulin ɗin da jiki ke samarwa. Ga mafi yawan mutane, sugan kan sauka bayan an gama zagayen maganin.

Don Allah kada a daina maganin saboda wannan. Yanke shi farat ɗaya haɗari ne babba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne lokacin awo. Wanda ya sha prednisolone da safe, sugansa ya fi hawa daga bayan azahar zuwa dare. A auna da asuba a ga lafiya lau, da la'asar kuwa ya haura 200 mg/dL a na'urar awon suga. To a riƙa aunawa awa biyu bayan abincin rana, a rubuta a ɗan littafi a nuna wa likita. A wanke hannu kafin a tsira yatsa, a danne wurin da auduga da ɗan jimawa, domin jinin masu wannan cuta ba ya saurin tsayawa.

A lura da ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, gani dishi-dishi, da yaron da ya daina fitsarin kwance sai ya dawo yi. In aka ga amai, ciwon ciki mai tsanani, numfashi da sauri, magagi, ko zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, a kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne. Cunkoson Legas kaɗai ya isa dalilin fita da wuri.

Sai kuma 'yan dubiya, Allah Ya saka musu. Wannan ta zo da maltina da madarar gwangwani wai don ƙarin jini, wancan da zuma, ga zoɓo mai zaƙi. A karɓa a yi godiya, a ba sauran yara. Maganin yana sa yunwa ƙwarai, to a ba mara lafiyar wake, ƙwai dafaffe, kifi, miyar ganye da tuwo daidai misali, a rage burodin Agege da shayin da aka cika wa suga. Jiƙo da agbo a bar su.

Idan an rubuta insulin, a ajiye a firji, ban da wajen ƙanƙara. In babu wuta, a sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye a randa. Duk ranar da aka rage prednisolone a tambayi likita ko za a rage insulin ma, don suga na iya faɗuwa ƙasa da 70. Wanda ya fara rawar jiki da gumi a wannan hali, a ba shi abu mai zaƙi nan take, sannan a kira asibiti.