Kafso Ba Takardar Likita: Waiwaye a Kan Wata Tsohuwar Muhawara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kemis ɗin unguwa bayan sallar magariba ya san yadda cinikin yake tafiya. Magidanci zai miƙa kuɗi ya ce a ba shi ja da yalo guda biyu saboda cikinsa yana murɗawa. Yarinya ta zo da aiken mahaifiyarta, a ba ta Ampiclox domin jaririn da ke gida. Wani kuma bai san sunan magani ba, sai ya faɗi abin da yake ji a haɗa masa. Mai kemis ya ɗauki almakashi ya datse sacet daidai kuɗin da aka kawo, ya ƙulla a farar leda. Babu wanda ya tambayi takardar likita, babu kuma wanda ya yi tsammanin za a tambaye shi. Saboda haka idan aka ce a wasu ƙasashe ana jayayya a kan ko ya dace a bar mutane su sayi magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, ba tare da likita ya rubuta ba, mutumin Kano ko Maraɗi zai iya mamakin abin da ake jayayya a kai, domin a haka ya taso ya ga ana yi. Amma doka ba ta yarda da hakan ba, muhawarar kuwa ta girmi yawancinmu.

Mafarin labarin shi ne shekarar 1928, lokacin da Alexander Fleming ya lura, a ɗakin bincikensa na asibitin St Mary's da ke Landan, cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin farantin da yake renon ƙwayoyin bakteriya ta hana su tsiro a kewayenta. Sai bayan fiye da shekara goma ne Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka iya tace sinadarin ya zama maganin da ake kira fenisilin. A watan Fabrairun 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander, wanda cuta ta ci fuskarsa ta shiga jininsa. Cikin kwanaki kaɗan ya fara farfaɗowa, sai maganin ya ƙare tun cutar ba ta gama mutuwa ba, duk da cewa likitocin sun riƙa tace ragowarsa daga fitsarin majinyacin suna sake yi masa allura da shi. Cutar ta dawo, ya rasu. Ke nan tun a farkon gwaji aka ga abubuwa biyun da har yau ake kai-kawo a tsakaninsu: rashin samun maganin yana kisa, shan wanda bai isa ba shi ma bai tsirar ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Amurka ta zuba dukiya wajen sarrafa fenisilin domin sojoji, kuma a watan Maris na 1945 aka saki maganin ga farar hula, ya shiga shagunan magani. A watan Disamba na wannan shekarar, a laccar da ya gabatar lokacin karɓar kyautar Nobel, Fleming ya yi gargaɗin cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai shiga shago ya sayi fenisilin, wanda bai sani ba ya sha ƙasa da ƙima, ya koya wa ƙwayoyin cutar da ke jikinsa yadda za su bijire wa maganin. Har misali ya buga da mutumin da maƙogwaronsa ke ciwo, ya sayi maganin ya sha ɗan kaɗan, ya shafa wa matarsa ƙwayoyin da suka riga suka saba da shi, ita kuma ta kamu da ciwon huhu, aka yi mata magani bai ci ba, ta mutu. Sannan ya tambayi masu sauraro wa za a ɗora wa alhakin mutuwarta. Birtaniya ta yi dokar fenisilin a 1947, wadda ta hana sayar da shi sai da takardar likita. Amurka kuma a 1951 ta yi gyaran dokar da ake kira Durham-Humphrey, wanda ya raba magunguna gida biyu, waɗanda mutum zai saya da kansa da waɗanda sai an rubuta masa. Daga nan ne tsarin ya bazu zuwa dokokin yawancin ƙasashen duniya, har da namu.

Akwai wani abu da masu ganin takardar likita ita ce maganin komai ba su cika ambata ba. Bijirewar farko mai tayar da hankali ba daga shagunan unguwa ta fito ba, daga cikin asibitoci ta fito, inda likitoci ne suke rubuta kowace ƙwaya. A wani asibiti na Landan, Mary Barber ta bi diddigin ƙwayar bakteriyar da ke sa maruru da ruɓewar rauni, ta ga cewa kafin ƙarshen 1948 fiye da rabin samfuran da aka ɗauka daga majinyata sun daina jin fenisilin. Dalilin a fili yake ga wanda ya fahimci yadda abin yake aiki: duk lokacin da aka sha antibayotik, ƙwayoyin da ba su da ƙarfi suna mutuwa, waɗanda suka dace da wata kariya su tsira su hayayyafa, har ma su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan kariyar. Ƙwayar cuta ba ta san wanda ya rubuta maganin ba. Abin da take amsawa shi ne yawan maganin da ake sha a cikin al'umma, da kuma yadda ake shan sa.

Duk da haka, inda aka bar maganin a kasuwa kamar alewa ne aka fi shan wahala. A 1972 annobar zazzaɓin taifot ta ɓarke a Meziko, ta kama mutum fiye da dubu goma, aka tarar ƙwayar ba ta jin chloramphenicol, wanda shi ne maganin taifot da duniya ta dogara da shi a lokacin, kuma wanda ake saye a can ba tare da wani shamaki ba. A 2016 aka ga irin wannan a lardin Sindh na Pakistan, inda wata taifot ta ɓulla wadda ta bijire wa kusan duk magungunan da aka saba ba da su. Mu da muke kiran kowane zazzaɓi mai daɗewa taifot, muna shan ciprofloxacin a kan zato, ya kamata wannan labarin ya tsaya mana a rai.

A Nijeriya, lasisin masu kemis ya samo asali ne tun daga dokokin zamanin mulkin mallaka, lokacin da ƙwararrun masu harhaɗa magunguna ba su taka kara sun karya ba, aka ba wa wasu 'yan kasuwa izinin sayar da ƙananan magunguna a cikin kwalinsu na asali. Har yau wannan lasisin bai ba mai kemis damar yin allura ko sayar da irin su Ampiclox da ciprofloxacin ba. To me ya sa aka wayi gari kemis ya zama asibitin talaka? Amsar tana cikin abin da ya faru da asibitocin gwamnati daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da kuɗin mai ya faɗi, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, magani ya ƙare a ɗakunan ajiya, aka fara miƙa wa majinyaci takarda a ce ya je waje ya saya. Shirin Bamako na 1987 ya zo da tsarin da majinyaci zai biya kuɗin magani a ƙananan asibitoci domin a riƙa juya kuɗin. Mutumin da ya biya kuɗin mota, ya yanki kati, ya yini a layi, daga ƙarshe aka tura shi shagon da ke kallon ƙofar asibitin, ba ya bukatar a gaya masa cewa gobe ya wuce shagon kai tsaye. A kan wannan giɓin ne kasuwannin magani irin na Sabon Garin Kano da Onica da Idumota suka bunƙasa, masu talla kuma suka ɗora kafso a faranti suna yawo da shi tasha-tasha a cikin rana, a Nijeriya da Nijar baki ɗaya.

Hukumomi sun yi ta ƙoƙari. An kafa hukumar kula da masu harhaɗa magunguna a 1992, aka kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a 1993, kuma zamanin da Dora Akunyili ke shugabantar ta, daga 2001 zuwa 2008, an yi yaƙi mai zafi da jabun magunguna. A 2024 aka tilasta wa dilolin magani na Sabon Gari komawa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro. Sai dai yawancin wannan ƙoƙarin ya karkata ne ga ingancin maganin da hanyar da yake bi kafin ya iso shago. Maganar wa aka sayar wa, don wace cuta, kuma guda nawa, ba a taɓa ta sosai ba.

Ƙasashen da suka taɓa ta sun bar darasi mai amfani. Chile ta fara aiwatar da dokar hana sayar da antibayotik ba takarda a 1999, cinikin ya faɗi ƙwarai, amma bayan 'yan shekaru da sa ido ya yi sanyi sai ya sake hawa. Meziko da Barazil sun bi sahu a 2010. A Meziko, manyan shagunan magani sai suka yawaita buɗe ɗan ɗakin ganin likita a jikin shago, inda ake duba mutum a kan kuɗi kaɗan ko kyauta, ya fito da takarda ya sayi maganin a ƙofa ta gaba. An cika sharaɗin doka, amma likitan da shagon ke biyan albashinsa yana da wuya ya riƙa sallamar mutane hannu wofi. Indiya kuwa ta ƙirƙiro wani rukuni na musamman a 2014 wanda ya wajabta wa mai shago rubuta sunan mai saye da na likita a rajista, sannan a 2016 ta sa a riƙa zana jan layi a jikin kwalin irin waɗannan magunguna.

A daidai lokacin da waɗannan ƙasashe ke ƙoƙarin rufe ƙofa, Birtaniya tana gwada buɗe taga. A 2005 ta yarda a sayar da maganin ɗiga wa ido na chloramphenicol a hannun mai harhaɗa magunguna, a 2008 ta yarda da azithromycin ga wanda gwaji ya tabbatar yana da wani ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa. Da aka nemi a yi haka da trimethoprim, maganin ciwon mafitsara, masana ƙwayoyin cuta suka yi ca, aka janye buƙatar a 2010. New Zealand ta amince da shi a 2012, amma sai ga mata masu ƙaramin ciwon mafitsara, kuma sai a hannun wanda ya yi horo na musamman. A ƙarshen Janairun 2024 Ingila ta fara shirin da ya ba masu harhaɗa magunguna damar duba cututtuka bakwai, ciki har da ciwon maƙogwaro da na kunne da na mafitsara, su ba da antibayotik idan alamomin sun cika ƙa'idar da aka rubuta musu. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce Turawa ma sun saki maganin. Ba su sake shi ba. Akwai tambayoyin da sai an amsa, akwai rajistar da ake shigar da komai, kuma mai shagon yana da iko, yana da horon da zai ce wa mutum wannan mura ce, antibayotik ba ya yi mata komai, je ka gida ka huta.

Girman abin da ake tsoro ya fito fili a binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022, wanda ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, tana kuma da hannu a mutuwar miliyan 4.95, kuma yankin da abin ya fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Amma wannan yankin ne kuma yara suke mutuwa da ciwon huhu saboda babu amoxicillin na kuɗi kaɗan a kusa da su. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba ne, su ƙirga numfashin yaro, idan ya yi sauri fiye da ƙima su ba shi amoxicillin mai narkewa a ruwa. A Nijar ma an yi gwajin da ya fi wannan nisa: an riƙa ba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar azithromycin sau biyu a shekara, masu lafiya da marasa lafiya, sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari a garuruwan da aka raba maganin. Binciken da ya biyo baya kuma ya nuna ƙwayoyin da ke jikin yaran waɗannan garuruwa sun ƙara bijire wa dangin wannan maganin. An ceci rayuka, an kuma ci bashin da wasu za su biya nan gaba, kuma babu mai gaskiyar da zai ɓoye ɗaya daga cikin biyun.

A ganina, wanda ya ce a halatta sayar da antibayotik ga duk wanda ya miƙo kuɗi bai karanta wannan tarihin ba, wanda kuma ya ce a rufe kemis gobe da safe bai san ƙauyen da babu likita ko ɗaya a tafiyar yini guda ba. Wuraren da aka ga ci gaba su ne inda aka samar da mutum mai horo a kusa da majinyaci, aka iyakance masa magungunan da zai bayar da cututtukan da zai duba, aka kuma riƙa bin sawun abin da ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauƙaƙa wannan aikin tun 2017, da ta kasa antibayotik gida uku: na yau da kullum irin su amoxicillin, waɗanda sai an yi taka-tsantsan irin su ciprofloxacin da ceftriaxone, da waɗanda ake ajiyewa sai an rasa mafita. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Satumban 2024 ƙasashe sun yi alkawarin rage mace-macen da bijirewar bakteriya ke da hannu a ciki da kashi goma cikin ɗari kafin 2030, tare da tabbatar da cewa aƙalla kashi 70 na antibayotik ɗin da mutane ke sha daga rukunin farko suke. Nijeriya ta yi shirinta na farko na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta daga 2017 zuwa 2022, ta ƙaddamar da na biyu a 2024. Abin da za a auna shirin da shi yana bakin kemis ɗin nan na bayan magariba: ko mai shagon ya samu horon da zai gane ciwon huhu daga mura, ko yana da abin gwajin zazzaɓin cizon sauro a kan kanta, ko akwai ƙaramin asibiti mai ma'aikaci da magani da zai tura yarinyar nan da jaririn gidansu, maimakon ya datse mata kafso huɗu daga cikin sacet.