Fim Mai Zaman Kansa: Zaman Kai Daga Hannun Wa?

A 'yan watannin nan maganar ta cika gari. Duk matashin da ya samu aron kyamara ya ɗora ɗan gajeren fim a YouTube, sai ka ga ya rubuta a ƙasa cewa fim ne mai zaman kansa. Ran nan da yamma ina sauraron wani shirin nishaɗi a rediyo, na ji mai gabatarwa yana yi wa jama'a bayani, wai fim mai zaman kansa shi ne wanda gwamnati ba ta sa ko sisi a cikinsa ba. Baƙon da ya gayyato bai gyara masa ba, ƙara masa ma ya yi. Ya ce ai irin finafinan nan ne na marasa kuɗi, a je ƙauye a ɗauko talauci da kyamara ɗaya. Haka shirin ya ƙare, ba wanda ya buga waya ya ce a'a. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

Ban ga laifin mai gabatarwar sosai ba, domin Hausar ce ta ja shi. Mun saba da makaranta mai zaman kanta, asibiti mai zaman kansa, lauya mai zaman kansa, kuma duk a nan abin da kunne yake ji shi ne "ba na gwamnati ba". In da haka abin yake a harkar fim, to da duk finafinan Hollywood masu zaman kansu ne, har da waɗanda ake kashe wa ɗaruruwan miliyoyin daloli, tunda kamfanonin 'yan kasuwa ne ke yin su. Da kuma kalmar ba ta da wani amfani. Amma muna da wani wurin da muke sa wannan lafazi da wata manufa dabam, wato hukumar zaɓe mai zaman kanta. Gwamnati ce ke biyan albashin ma'aikatanta, daga baitulmali ake saya mata akwatunan zaɓe, duk da haka ake kiran ta mai zaman kanta, domin abin da ake nufi shi ne kada wani ya juya ta a wurin yanke hukunci. Wannan ma'ana ta biyu ita ce ta fi kusa da ta fim.

Asalin kalmar a Amurka yake, kuma rigimar kasuwa ce ta haife ta. A ƙarshen shekarar 1908 Thomas Edison ya haɗa kai da manyan kamfanonin fim na lokacin suka kafa wata gamayya da ta riƙe haƙƙin mallakar na'urorin ɗaukar fim da na haska shi. Suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eastman Kodak cewa su kaɗai zai sayar wa da faifan ɗauka. Mai gidan sinima kuma sai ya biya su dala 2 duk mako kafin ya kunna majiginsa. Waɗanda suka ƙi shiga, ko aka ƙi shigar da su, su aka fara kira indifenda, kalmar nan da muka sani a bakin 'yan siyasa in ana maganar ɗan takarar da ba shi da jam'iyya. Ɗaya daga cikinsu, Carl Laemmle, ya kafa kamfaninsa a 1909, ya sha sammaci har ya gaji, amma bai daina ba. A 1912 kamfanin nasa ya haɗe da wasu ya zama Universal. A 1915 kotu ta ce gamayyar Edison ta saɓa wa doka. Ba a jima ba waɗannan indifenda ɗin suka zama manyan Hollywood, suka mallaki wurin ɗauka da hanyar rarrabawa da gidajen kallo, suka toshe wa na bayansu hanya kamar yadda aka toshe musu, har sai da kotun ƙolin Amurka ta tilasta musu rabuwa da gidajen sinima a 1948.

Ke nan tun fil azal kalmar tana zuwa ne da tambaya a gindinta: zaman kai daga hannun wa? A kowane zamani da kowace ƙasa akwai wanda yake riƙe da ƙofa, shi ne yake cewa ga labarin da zai sayu, ga jarumin da za a sa, ga yadda za a ƙare. Fim mai zaman kansa shi ne wanda mai yin sa yake da wuƙa da nama a kan waɗannan abubuwa, tun daga rubutu har zuwa ranar da aka gama haɗa hoto.

Akwai fim ɗaya da nake komawa gare shi duk lokacin da wannan muhawara ta taso. Sunansa Wiñaypacha, daga ƙasar Peru, an fara nuna shi a 2017. Wani saurayi ne ya yi shi, Óscar Catacora, ɗan yankin Puno da ke kudancin ƙasar, kusa da tafkin Titicaca. Shi ne cikakken fim na farko a Peru da aka yi kacokan da harshen Aymara, harshen da masu jin sa kusan miliyan 2 ne a tsakanin Peru da Bolibiya da Chile. An ɗauke shi a can ƙololuwar tsaunukan Andes, a wurin da tsayinsa ya kai mita 5,000 daga saman teku, inda baƙo in ya yi taku goma sai ya tsaya ya nemi numfashi.

Mutum biyu ne rak a cikin fim ɗin, tsoho da tsohuwarsa, Willka da Phaxsi, wato Rana da Wata. Suna zaune a bukkar dutse mai rufin ciyawa, da 'yan tumakinsu da karensu da wata dabba mai kama da ɗan ƙaramin raƙumi marar tozo da ake kira lama. Ɗansu ya tafi birni shekaru da yawa, bai dawo ba, bai aiko ba. Uwar kullum tana fita tana duban hanya, tana roƙon iska ta kai masa saƙo. Uban ya riga ya gane abin da ita ta ƙi yarda da shi. Kyamara ba ta motsi ko sau ɗaya. Hotuna 96 ne a tsaye, kowanne an kafe shi kamar mutum ya samu dutse ya zauna yana kallo. Ba a ɗora wa fim ɗin kiɗa ba, abin da kake ji shi ne iska da kukan tumaki da muryoyin tsofaffin nan biyu.

Abin da ya rusa gidan nan ashana ce. Ashana ta kusa ƙarewa, kuma garin da ake sayar da ita yana da nisan da ƙafar tsohon ba za ta iya ba. Ya kama hanya, ƙarfinsa ya ƙare a tsakiya, matar ta bi sawu ta dawo da shi. Daga nan ba su da wata dabara illa su hana wutar murhu mutuwa, dare da rana. Wutar da suke raino kuwa ita ce ta tashi ta cinye musu bukka da ɗan abin da suka tara. Naman daji ya riga ya yi musu ɓarna a cikin tumaki. Tsohon ya kwanta bai tashi ba. A ƙarshe tsohuwa ta ɗaure ƙunshinta ta nufi tsauni ita kaɗai. Ɗan bai zo ba, ko fuskarsa ba a nuna mana ba.

Duk wanda ya taɓa barin iyaye a ƙauye ya ce musu "sai na samu sarari", wannan fim zai hana shi barci. Ni ya hana ni. Kwalin ashana ɗaya, abin da yaro zai sayo a shagon bakin layi kafin ruwan shayi ya tafasa, shi ne abin da ɗa ɗaya tilo ya gaza kai wa iyayensa.

To, a ɗauka Catacora ya kai wannan labari wurin wani babban kamfani. Abu na farko da za a ce masa, a yi shi da Sifaniyanci domin mutanen Lima, babban birnin Peru, su saya tikiti. Na biyu, a nemo sanannun fuskoki. Shi kuwa kakansa na jini, Vicente Catacora, ya sa ya fito a matsayin tsohon, ita kuma Rosa Nina da ta fito a tsohuwar ba ta taɓa shiga sinima ba kafin nan. Na uku, wanda ya fi duka, za a ce dole ɗan ya dawo, ko da a minti biyar na ƙarshe ne, ya durƙusa ya yi kuka a yafe masa, mai kallo ya fita da sanyin zuciya. Catacora ya ƙi ba mu wannan sanyin, domin a ƙauyukan da ya sani 'ya'yan da yawa ba su dawowa. Ikon ƙin nan shi ne zaman kan fim ɗin.

Ga kuma abin da zai ba mai gabatar da shirin rediyon nan mamaki. Da kuɗin gwamnati aka yi shi. Ma'aikatar al'adu ta Peru tana shirya gasa ga masu neman tallafin yin fim, Catacora ya shiga ya ci. Hukuma ta ba da kuɗi ta ja da baya, ba ta zaɓa masa harshe ba, ba ta rubuta masa ƙarshe ba. Da ma'aunin rediyon nan za a auna, sai a ce wannan fim ba mai zaman kansa ba ne, a ce wanda Disney ta yi shi ne mai zaman kansa.

Sai maganar baƙon, cewa fim ne na talauci. Gaskiya ne finafinai masu zaman kansu da yawa sun hau tsauni sun shiga gidajen da wahala ta yi wa katutu. A 2000 Bahman Ghobadi, Bakurde ɗan garin Baneh a Iran, ya ci kyautar fim na farko a bikin Cannes na Faransa da labarin wasu marayu a kan iyakar Iran da Iraki, waɗanda ke bin ayarin fasa-ƙwauri cikin dusar ƙanƙara domin su tara kuɗin yi wa ɗan'uwansu naƙasasshe aiki. Sanyin wurin ya kai a zuba wa alfadarai barasa a ruwan sha kafin su iya tafiya, kuma daga nan sunan fim ɗin, A Time for Drunken Horses, wato lokacin dawakai masu maye, ya fito. Yaran ba 'yan wasa ba ne, 'yan yankin ne, da sunayensu na gaskiya suka fito. Amma dalilin da ya sa irin waɗannan labarai suke fitowa daga hannun masu zaman kansu a bayyane yake. Babban kamfani ba zai ɗora kayan aiki a bayan dabba ya yi kwanaki yana hawan dutse domin harshen da masu sayen tikitinsa kaɗan ne ba. Wanda zai yi wannan wahala sai ɗan gida. Ghobadi da Catacora kowannensu gida ya koma. Talaucin da ke cikin finafinansu a can suka tarar da shi, a gidajen danginsu.

Inda nake jin tsoro shi ne wannan kuskuren fahimta yana iya zama sana'a. Sau da yawa kuɗin irin waɗannan finafinai daga Turai yake zuwa, daga asusun tallafi irin na bikin Rotterdam da na Berlin, kuma sun taimaki mutane da yawa da ba don su ba da ba a ji ɗuriyarsu ba. Sai dai mai tallafi ma yana da abin da idonsa ya saba so. Idan matashi ya lura cewa yaro mai tsumma a gindin dutse shi ke cin gasa, ya je ya nemo tsumma ya sa wa yaron da yake da riga, to ya sayar da wuƙarsa da namansa, ko da babu kamfani ko ɗaya a bayansa. Ana gane irin wannan fim da wuri. Mutanen cikinsa ba sa dariya, ba sa faɗa a kan abin banza, ba su da addu'a ko biki, wahala kawai suke sha domin a kalle su. Tsofaffin Catacora kuwa suna da bukukuwansu, suna yi wa dabbobinsu ado, suna saƙa, suna 'yar gardama irin ta waɗanda suka shekara hamsin tare. Saboda ka ga abin da suke da shi, shi ya sa asararsa take yi maka ciwo.

A nan gida ma tambayar tana da wurin zama. Kannywood ba ta taɓa samun manyan kamfanoni irin na Hollywood ba, don haka wasu ke cewa ai dukanmu masu zaman kanmu ne. Amma duk wanda ya san zamanin kaset da faifan CD ya san yadda 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suke da ta cewa. Furodusa zai kawo labari a tambaye shi waƙa nawa ce a ciki, wace fuska ce za ta hau fosta. In babu, to ya nemi mai saye. Yau 'yan kasuwar sun ja baya, YouTube da masu ba da talla sun gaje kujerar, ana jan labarin da ya kamata ya ƙare a kashi 10 har ya kai kashi 60 domin lissafin masu kallo kada ya faɗi. Daraktan da yake haka bai fi ma'aikacin Universal 'yanci ba, ko da kuɗin aljihunsa ya sa.

Catacora bai ga fim ɗinsa na biyu ba. A watan Nuwamba na 2021, ana tsakiyar ɗauka a wani ƙauyen tsauni na yankin Puno, ciwon afendis ya kama shi, ya rasu yana da shekara 34. Kawunsa Tito Catacora, wanda da ma shi ne furodusan na farkon, shi ya tattara ma'aikatan ya koma ya ƙarasa aikin, kuma shi ma da harshen Aymara.