Me ake nufi da "sanin darajar kai"?

Sanin darajar kai, wasu su ce yarda da kai, shi ne irin kallon da mutum ke yi wa kansa idan ya kaɗaita: ni ma wani ne, ko kuwa ɗan rakiya? Ana yawan haɗa shi da girman kai, alhali hanyar jirgi daban, ta mota daban. Mai girman kai ba ya jin daɗi sai ya ga wani a ƙasansa. Wanda ya san darajar kansa zai durƙusa ya gaishe ka, bai ji ya ragu da komai ba.

William James, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya mayar da abin lissafi tun 1890: a ɗauki nasarar mutum a raba ta da burin da ya ɗora wa kansa. Idan burin ya kai tsauni, nasarar ba ta wuce loma ba, dole ya raina kansa. Nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Matashi bai da ko keke, amma ya ci alwashin gina bene bana. Shekara ta ƙare ba bulo ko ɗaya, sai zuciya ta mutu, ya fara cewa an yi masa asiri.

Ba kuma a ce a zauna ba buri ba. A 1968 Edwin Locke, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi "zan yi bakin ƙoƙarina" tayar da mutum tsaye.

Ni kam ban ga misalin da ya kai makarantar allo ba. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, wato 480 ke nan. Malam ba ya tsorata almajiri da wannan adadi. Abin da ke kan allonsa shi ne aikinsa na yau. Ya biya, ya haddace, malam ya saurara ya ce ya wanke. Duk wankin allo shaida ce da yaron ya gani da idonsa cewa zai iya, ba wani ne ya zuga shi ba. Mai adashi ma haka: zubin da ba ta taɓa fashi ba shi ke ba ta ƙarfin halin tambayar kuɗin keken ɗinki tun kwasarta ba ta zo ba.